Yadda ake maganin limoniyar PCP ga mai cutar ƙanjamau, daga awon farko zuwa kwana na 21

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, da kuma daga masu jinya da suka ga an rubuta wa ɗan'uwansu ƙwayar Septrin 12 a rana guda har hankalinsu ya tashi: shin wannan adadin ba kuskure ba ne, kuma yaya ake tafiyar da maganin tun daga ranar farko har ranar sallama? Ba kuskure ba ne. Ciwon huhun da likitoci ke kira PCP, wanda wata ƙwayar cuta dangin fumfuna mai suna Pneumocystis jirovecii ke haddasawa, maganinsa shi ne Septrin ɗin nan da kowa ya sani, sai dai ana shan sa da yawan da ya ninka na rigakafi kusan sau shida, har tsawon kwana 21. Wannan aiki ne na asibiti, ƙarƙashin kulawar likita, ba abin da za a saya a kemis a gwada a gida ba. An bar sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali domin kada a yi kuskure wajen saye.

1. A gane irin tarin da ake tunkara

PCP ba ya zuwa da gaggawa irin ta limoniyar da aka saba gani. Mai shi yakan ce ya yi mako biyu ko uku yana busasshen tari marar kaki, da zazzaɓin da ba ya tsananta sosai, sannan numfashinsa yana raguwa sannu a hankali, har ya kai ga zuwa masallacin unguwa ko hawa bene ya zama aiki. Abin da ke yawan ruɗa ma'aikaci shi ne, idan aka sa abin sauraron ƙirji sau da yawa ba a jin komai, alhali mutumin yana haki a gabanka. Ya fi kama wanda adadin CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a jini, ya sauka ƙasa da 200, kamar wanda bai san yana ɗauke da cutar ƙanjamau ba sai da ta ci jikinsa, ko wanda ya daina karɓar maganinsa watanni da suka wuce. Farin ƙurajen baki, da rama, da rashin shan Septrin na rigakafi, duk suna ƙara ƙarfin zato.

Limoniyar bakteriya kuwa takan zo cikin kwana biyu zuwa biyar, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon haƙarƙari, da kaki mai kauri. Tarin fuka yakan zo da gumin dare da rama ta makonni. Hoton ƙirjin mai PCP yakan nuna wani hazo a ɓangarorin huhu biyu, yana faɗaɗa daga tsakiya, amma a farkon ciwon hoton na iya fitowa tas.

Hattara: hoto mai kyau ba hujjar sallamar mutum ba ne. Haka kuma a ƙasarmu tarin fuka da limoniyar bakteriya sun fi PCP yawa a tsakanin masu cutar ƙanjamau, kuma mutum ɗaya na iya ɗauke da biyu a lokaci guda, don haka samun ɗaya ba ya kore ɗayan.

2. A auna iskar oksijin

Wannan awo shi ne ke yanke hukunci kan kusan duk abin da zai biyo baya. Ana maƙala ƙaramar na'urar nan a yatsa bayan mara lafiya ya huta na 'yan mintoci, ba tare da an sa masa oksijin ba, a rubuta adadin. Idan ya kai kashi 92 cikin 100 ko fiye, kuma mutumin yana iya tafiya, sai a sa shi ya zagaya ɗaki na minti biyu ko uku a sake aunawa. Faɗuwar adadin bayan wannan ɗan motsi alama ce mai ƙarfi ta PCP. Idan adadin yana ƙasa da 92 yana zaune, ko yana numfashi fiye da sau 30 a minti ɗaya, ciwon ya wuce na tafi-da-gidanka, sai a ba shi gado. A manyan asibitoci inda ake awon iskar da ke cikin jinin jijiya, wanda ma'auninsa daban yake da na yatsa, iyakar da aka sani ita ce oksijin ƙasa da 70.

Hattara: yatsa mai sanyi, ko farce mai fenti, ko baƙin lalle, na iya ɓata awon, don haka a ɗumama hannun ko a sauya yatsa. Sannan an tabbatar da cewa waɗannan na'urori sukan ƙara wa masu duhun fata maki kaɗan fiye da gaskiyar abin da ke cikin jininsu. Wanda na'ura ta nuna 93 amma ba ya iya kammala jimla ɗaya ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, a ɗauke shi a matsayin mai tsananin ciwo.

3. Tambayoyi da gwaje-gwaje kafin ƙwayar farko

Tambaya ta farko ita ce ko Septrin ko Fansidar sun taɓa fito masa da ƙuraje, kuma wane iri. Mutane da yawa sukan ce magani "bai karɓe su ba" alhali tashin zuciya kawai ya sa su, wanda ba dalilin hana shi ba ne. Amma wanda fatarsa ta taɓa saɓulewa, ko bakinsa da idanunsa suka yi gyambo, ba za a sake ba shi ba har abada, sai a tsallaka zuwa mataki na 8. Tambaya ta biyu ita ce sauran magungunan da yake sha, kuma ya fi kyau a ce wa mai jinya ya kawo ledar magungunan gaba ɗaya a zazzage ta a kan tebur, har da na gargajiya.

Daga nan sai a auna nauyi da sikeli, ba da ido ba. A ɗebi jini domin gwajin ƙoda da sinadarin potashiyam, da ƙidayar ƙwayoyin jini, da sukari, da CD4, da gwajin hanta idan akwai hali. Mace a yi mata gwajin ciki. Domin neman tarin fuka a tura kaki gwajin GeneXpert, idan kuma tarin ba ya fitar da komai, akwai gwajin fitsari na LAM wanda ake yi a bakin gado cikin ƙasa da rabin awa. Wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa sosai, musamman ƙasa da 100, a yi masa gwajin jini na CrAg domin gano ƙwayar da ke jawo wani nau'in sanƙarau. Waɗannan suna cikin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 domin waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu, kuma ana samun su a cibiyoyin karɓar magani da dama. Idan asibitin yana yin gwajin G6PD, wato wani sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, a yi shi tun yanzu, domin ranar da za a buƙaci sakamakonsa ba za a sami lokacin jira ba.

Hattara: ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Tabbatar da PCP na buƙatar wanko huhu ko gwajin kaki na musamman, wanda galibi sai a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan alamu sun haɗu, ana fara magani a ranar, kuma fara shi ba ya ɓata gwajin da za a yi bayan 'yan kwanaki.

4. A lissafa cotrimoxazole da nauyin jiki

A nan ne aka fi yin kuskuren da ke cin rai, don haka zan daɗe a kai. Cotrimoxazole, wanda ake sayarwa da sunan Septrin ko Bactrim, haɗin magani biyu ne: trimethoprim da sulfamethoxazole. Ana yin lissafi da ɓangaren trimethoprim kaɗai. Ƙaramar ƙwaya mai lamba 480 tana da miligiram 80 na trimethoprim, babbar mai lamba 960 kuwa tana da 160. Adadin da ake buƙata shi ne miligiram 15 zuwa 20 na trimethoprim ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, a raba shi gida uku ko huɗu.

Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar tsakanin 900 da 1,200 a rana. Ƙwaya 4 masu lamba 480 sau uku a rana, ko manya 2 sau uku, sun ba da 960, wanda ya faɗa cikin iyakar. Mai kilo 50 yana buƙatar 750 zuwa 1,000, shi ma wannan adadin ya yi masa. Amma mai kilo 40, kuma irinsu ba su da wuyar gani a cikin waɗanda ciwon ya ramar, buƙatarsa 600 zuwa 800 ce, don haka ƙananan ƙwayoyi 3 sau uku a rana, wato 720, sun wadatar. Ba shi adadin mai kilo 60 zai wahalar da ƙodarsa a banza. Mai kilo 70 kuwa ƙananan ƙwayoyi 5 sau uku a rana ne suka dace da shi.

Sau uku a rana na nufin kowane awa 8, misali ƙarfe 6 na safe, 2 na rana da 10 na dare, ba wai safe, azahar da magariba ba. Idan cikin watan azumi ne, a fito fili a gaya wa mara lafiya cewa wannan magani ba ya haɗuwa da azumi, kuma addini ya yi masa rangwame ya rama daga baya. Ya riƙa shan ruwa da yawa, sai fa idan likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda.

Wanda ke cikin tsananin ciwo, ko yake amai, an fi so a ba shi ta jijiya. Kowace kwalbar allura mai mililita 5 daidai take da ƙaramar ƙwaya ɗaya, ana zuba ta cikin mililita 125 na ruwan sukari mai kashi 5, a bar shi ya shiga cikin awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Ba a yin ta a ɗuwawu, ba a kuma tura ta kai tsaye cikin jijiya. Wannan allura takan yi wuyar samu, kuma babu dalilin da zai sa a zauna jiran ta, domin hanji yana tsotse ƙwayar sosai. Idan mutum ba ya iya haɗiya ana niƙa ta a ba shi ta robar hanci. Da zarar ya fara samun sauƙi sai a mayar da shi kan ƙwaya, a cika kwana 21 cif.

Hattara ta farko: babbar ƙwaya ɗaya a rana rigakafi ce, ba magani ba. Ɗaya safe ɗaya yamma na kwana biyar ko bakwai, kamar yadda ake rubutawa a ciwon mafitsara, shi ma ba ya taɓa PCP. An sha ganin mai ba da magani ya ga takardar likita ya ɗauka an yi kuskure ya rage adadin da kansa, don haka yana da kyau likita ya rubuta sunan ciwon da nauyin mara lafiya a jikin takardar.

Hattara ta biyu: idan ƙoda ta raunana, har awon tacewarta ya faɗa tsakanin 15 da 30, ana rage adadin zuwa rabi, ƙasa da 15 kuwa sai da shawarar ƙwararre.

Hattara ta uku: lisinopril, losartan da spironolactone, waɗanda masu hawan jini da ciwon zuciya ke sha, suna haɗuwa da trimethoprim su ɗaga potashiyam zuwa matakin da zai iya tsayar da zuciya, don haka likita ya duba yiwuwar dakatar da su ko sauya su. Mai shan warfarin jininsa zai ƙara tsinkewa, mai shan glibenclamide sukarinsa na iya faɗuwa, methotrexate kuwa ba ya haɗuwa da wannan magani sam. Kada kuma a ƙara folinic acid da niyyar kare jini, domin an gano yana rage nasarar maganin.

5. Prednisolone ga wanda iskarsa ta yi ƙasa

Idan magani ya fara kashe ƙwayoyin cutar, huhu yakan ƙara kumbura a kwanakin farko, kuma wannan kumburin ne ke kai wasu ga rasa ransu. Shi ya sa duk babban mutumin da awonsa ya gaza 92, ko oksijin ɗin jijiyarsa ya gaza 70, ake haɗa masa da prednisolone, maganin rage kumburi. Tsarin shi ne miligiram 40 sau biyu a rana daga kwana na 1 zuwa na 5, sannan 40 sau ɗaya a rana daga kwana na 6 zuwa na 10, sannan 20 sau ɗaya a rana daga kwana na 11 zuwa na 21. Da yake ƙwayar da aka fi samu mai miligiram 5 ce, wannan na nufin ƙwaya 8 safe da 8 yamma, sai 8 da safe kawai, sai 4 da safe. A zana wa mai jinya jadawali a takarda ya riƙa sa alama, domin baki ba ya riƙe wannan lissafi. Wanda ba ya iya haɗiya ana yi masa methylprednisolone ta jijiya, kashi uku cikin huɗu na adadin.

Lokaci ne sirrin wannan mataki. A ba da shi tare da cotrimoxazole na farko ko ɗan lokaci kafinsa, kuma kada a wuce awa 72 da fara magani, domin bayan nan amfaninsa ya ragu ƙwarai.

Hattara: prednisolone yana ɗaga sukari, yana ƙara farin ƙurajen baki, kuma yana iya rura tarin fukan da ba a gano ba ko ciwon dajin fata na Kaposi. Wannan ba dalilin hana shi ga mai haki ba ne, dalili ne na ci gaba da neman tarin fuka ko da gwajin farko bai nuna komai ba. Wanda iskarsa take lafiya ba ya buƙatarsa.

6. Oksijin da maganin bakteriya

Ana sa oksijin ta robar hanci a ɗaga gadon ta wajen kai, a nemi awon ya tsaya a kan 92 zuwa sama. Idan lita 5 a minti ba ta wadatar ba sai a koma abin rufe fuska mai jaka, wanda ke cin lita 10 zuwa 15. Inda ake dogaro da injin tace iska mai aiki da lantarki, a tanadi tukunyar oksijin a gefe tun da rana, kada ɗaukewar wuta cikin dare ta zo babu shiri. Asibitin da ba shi da tabbacin oksijin na awa 24 ya ba da kashin farko na cotrimoxazole da prednisolone, sannan ya tura mara lafiya gaba da takarda mai ɗauke da lokacin da aka ba shi.

Da yake raba PCP da limoniyar bakteriya ba ya yiwuwa koyaushe, likitoci da yawa kan haɗa wa wanda aka kwantar allurar ceftriaxone na kwana biyar zuwa bakwai, kuma ina ganin wannan hikima ce a inda gwaji ya yi ƙaranci.

Hattara: a guji levofloxacin da ciprofloxacin matuƙar ba a kawar da zaton tarin fuka ba. Sukan danne shi na ɗan lokaci, mutum ya ji sauƙi, gwaji ya rikice, a rasa makonni masu daraja.

7. Sa ido daga kwana na 1 zuwa na 21

Ya kamata a faɗa wa dangi tun ranar farko cewa jiki na iya ƙara tsananta a kwana uku zuwa biyar na farko, domin idan ba a faɗa ba, a daidai wannan lokaci ne sukan ce asibiti ya gaza su nemi a ba su ɗan'uwansu su tafi gida. Ba a yanke hukuncin cewa magani bai yi aiki ba sai bayan kwana 4 zuwa 8. Ko a lokacin ma, kafin a sauya magani sai a sake hoto, a sake neman tarin fuka, a duba ko ƙarin ruwa ya yi yawa har ya taru a huhu, a kuma ƙirga ƙwayoyin da suka rage a leda domin a san ko ana shan su yadda aka rubuta.

Ciwon ƙirji na ɓangare ɗaya da ya zo farat ɗaya tare da ƙaruwar haki yana nuna huhu ya huje iska ta taru a kewayensa. PCP ya shahara da wannan, kuma abu ne na gaggawa da ke buƙatar a sa roba a ƙirji a fitar da iskar.

A riƙa maimaita gwajin potashiyam da ƙoda da ƙidayar jini sau biyu a mako, ko aƙalla sau ɗaya a ƙarshen makon farko idan aljihu bai ba da dama ba, domin a wannan lokaci ne potashiyam ya fi hawa. Ƙuraje kuwa sun fi fitowa a mako na biyu, sau da yawa tare da zazzaɓi. Idan ƙanana ne masu ƙaiƙayi, ba su taɓa baki ko ido ba, ana iya ci gaba da magani tare da chlorpheniramine, ana duba fatar kowace rana da hasken rana. Tashin zuciya ana magance shi da maganin amai da shan ƙwayar bayan abinci.

Hattara: ƙuraje masu ɗurar ruwa, ko saɓulewar fata, ko gyambo a leɓe, ido ko al'aura, ko idanu su yi ruwan ɗorawa irin na shawara, duk suna nufin a tsayar da cotrimoxazole nan take. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a katin mara lafiya, a kuma gaya masa da bakinsa cewa Fansidar ma ta haramta gare shi.

8. Idan dole a sauya magani

Zaɓin da ya fi ƙarfi bayan cotrimoxazole shi ne haɗa clindamycin da primaquine. Ana ba da clindamycin miligiram 600 kowane awa 6 ko 900 kowane awa 8 ta jijiya, ko 450 kowane awa 6 ko 600 kowane awa 8 ta baki, tare da primaquine miligiram 30 sau ɗaya a rana. Ga mai sassauƙan ciwo akwai dapsone miligiram 100 a rana tare da trimethoprim shi kaɗai, miligiram 5 ga kowane kilo sau uku a rana, akwai kuma ruwan atovaquone miligiram 750 sau biyu a rana tare da abinci mai maiƙo, sai dai yana da tsada kuma ba kasafai ake samun sa ba. Ga mai tsananin ciwo da babu wata hanya, akwai pentamidine miligiram 4 ga kowane kilo sau ɗaya a rana ta jijiya, a hankali cikin awa ɗaya ko fiye. Kowanne aka zaɓa, jimillar kwanakin magani 21 ce, kuma prednisolone yana ci gaba yadda aka tsara.

Hattara: primaquine da dapsone suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wanda ke da ƙarancin G6PD, kuma wannan gado ne da ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma. A yi gwajin kafin a ba da su, a kuma gaya wa mai jinya ya lura da fitsari mai launin baƙin shayi. Ba a ba mai ciki primaquine, ba a kuma ba da dapsone ga wanda Septrin ya saɓule wa fata. Clindamycin na iya jawo gudawa mai tsanani. Pentamidine kuwa yana faɗar da hawan jini da sukari kuma yana taɓa ƙoda, don haka ana yin sa mutum yana kwance, ana auna sukarinsa kullum.

9. Lokacin fara maganin ƙanjamau

Ba a jira sai an gama kwana 21. Wanda bai taɓa farawa ba, ko ya daina, a ɗora shi kan magani cikin mako biyu da fara maganin PCP, galibi ƙwayar TLD guda ɗaya a rana, wadda ta haɗa tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Wanda yake kan magani PCP ya kama shi kada a dakatar masa. A binciki yadda yake shan sa, a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, domin ko dai yana tsallake kwanaki ko maganin ya daina yi masa aiki.

Hattara: kafin a fara, a tambayi ciwon kai, sanƙarewar wuya ko rikicewar tunani, a kuma duba sakamakon CrAg. Idan akwai sanƙarau, ana jinkirta maganin ƙanjamau na mako 4 zuwa 6. Idan an sami tarin fuka aka fara rifampicin, ana ƙara dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12 da shan TLD, kuma a sani cewa rifampicin yana rage ƙarfin prednisolone. Mai shan zidovudine a ƙara sa ido kan jininsa, domin shi da cotrimoxazole duk suna rage shi. Idan zazzaɓi da haki suka dawo bayan fara maganin ƙanjamau, a koma asibiti, kada a ajiye maganin.

10. Mai ciki da jariri

Mai ciki cotrimoxazole ne maganinta ita ma, da irin wannan lissafi, sai dai ba za a ƙara mata Fansidar ta awon ciki ba, kuma idan haihuwa ta kusa a sanar da masu karɓar haihuwa domin su lura da shawara a jikin jaririn. A jarirai PCP ya fi zuwa tsakanin wata 3 da wata 6, da saurin numfashi da faɗawar haƙarƙari, kuma lissafinsu aikin likitan yara ne. Abin da ke hana shi shi ne ruwan Septrin da ake fara ba duk jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da cutar tun yana mako 4 zuwa 6.

11. Abin da za a tanada na kuɗi

Farashi na sauyawa daga gari zuwa gari, amma adadi ba ya sauyawa. Mai shan manyan ƙwayoyi 6 a rana yana buƙatar 126 na kwana 21, ko ƙanana 252. Cikakken tsarin prednisolone yana cin ƙwaya 164 masu miligiram 5. Waɗannan biyun suna cikin magunguna masu araha, kuma ya fi kyau a tanade su gaba ɗaya daga wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, maimakon sayen na kwana uku-uku wanda ke kawo giɓi duk ranar da kuɗi ya yanke. Maganin ƙanjamau, gwajin GeneXpert da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Abin da ke cinye kuɗin dangi shi ne oksijin, kuɗin gado, hoto da maimaita gwajin jini. Idan dole a zaɓa, oksijin ne farko, sai gwajin potashiyam da ƙoda, kuma babu laifi a tambayi ofishin walwala na asibiti ko akwai rangwame.

12. Kwana na 22

Washegarin gama magani ake komawa adadin rigakafi, wato babbar ƙwaya ɗaya mai lamba 960 a rana, ba tare da hutun ko kwana ɗaya ba, domin PCP yana dawowa ga wanda garkuwarsa ba ta farfaɗo ba. A ƙasashen Turai da Amurka sukan dakatar da shi idan CD4 ya haura 200 ya zauna a can fiye da wata uku, amma a wuraren da zazzaɓin cizon sauro da cututtukan bakteriya suka yi yawa, irin namu, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba da sha, don haka kada mara lafiya ya ajiye shi sai cibiyarsa ta ce masa ya ajiye.

Wanda Septrin ya yi wa mummunan lahani a fata sai a nema masa wani rigakafin da shawarar ƙwararre; wanda ya bari saboda wani dalilin daban ana iya ba shi dapsone miligiram 100 a rana bayan gwajin G6PD. Wanda ƙurajensa ƙanana ne kawai ana iya sake sabar masa da maganin a gaban ma'aikaci: mililita 2 na ruwan Septrin na yara a rana ta farko, 4 a ta biyu, 6 a ta uku, 8 a ta huɗu, ƙaramar ƙwaya ɗaya a ta biyar, sannan babba ɗaya daga ta shida, a tsaya da zarar fata ta nuna wata alama. Idan an tabbatar babu tarin fuka, a ɗora shi kan rigakafinsa shi ma. A ba shi ranar dawowa cikin mako biyu da sallama, a sake auna iskarsa yana zaune da kuma bayan ya ɗan yi tafiya, a kuma karɓi lambar wayar mai jinyarsa domin a kira idan ranar ta wuce bai zo ba.